Enenche Akogwu da Juma'ar da Ta Sauya Kano

Ranar Litinin 16 ga Janairun 2012 ƙungiyoyin ƙwadago suka janye yajin aikin tallafin mai, 'yan jaridar Kano suka yi ajiyar zuciya. Tun ranar 1 ga wata da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141, ba su samu zama ba. Matasa sun mamaye shataletalen Silver Jubilee suna kwana a can cikin hunturu, 'yan sanda suka tarwatsa su cikin dare da barkonon tsohuwa, daga baya aka yi harbi a kusa da gidan gwamnati. Da lita ta tsaya a Naira 97, kowane wakili ya ɗauka babban labarin watan ya wuce, sai a huta a wanke kaya. Hutun bai wuce kwana huɗu ba.

Juma'a 20 ga wata, wajen ƙarfe biyar na yamma, an daɗe da saukowa daga masallaci, 'yan kasuwa sun koma rumfunansu, sai ƙara ta tashi daga hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ke kan titin zuwa Jami'ar Bayero. Kafin mutane su gama tambayar juna ko taransifoma ce ta fashe, wata ƙarar ta amsa daga wani ɓangaren gari, sannan wata. An kai wa hedikwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai hari, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da ofishin fasfo na hukumar shige da fice, da caji ofis na Farm Centre da wasunsa. Wasu maharan sun shigo da motoci maƙare da bama-bamai, wasu a kan babura, wasu ma sanye da kakin 'yan sanda. Hayaƙi ya turnuƙe sama, kowa ya ranta a na kare.

Enenche Akogwu shi kuwa wajen hayaƙin ya nufa. Shekarunsa 31, ɗan jihar Binuwai, ya gama Jami'ar Jihar Binuwai a 2004, kuma shi ne wakilin gidan talabijin na Channels a Kano. Aiki biyu yake riƙe da su, shi ne mai kawo rahoto, shi ne mai ɗaukar hoto. Rahotannin da suka fito a lokacin sun ce a yankin Farm Centre aka harbe shi, yana ƙoƙarin jin ta bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu.

Mai karatu na yau zai iya cewa ganganci ne. Wanda ya san aikin jarida a Kano kafin wannan rana ba zai ce haka ba, domin abin da Akogwu ya yi shi ne abin da aka koya wa kowane ɗan rahoto, kuma shi ne abin da ya yi wa na gabansa aiki shekara da shekaru. Kano ba baƙuwar tarzoma ba ce. Ta ga Maitatsine a Disambar 1980, inda mutum sama da 4,000 suka mutu. Ta ga rikicin zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke a 1991, ta ga na ramuwar gayyar Yelwan Shendam a 2004, ta ga na bayan zaɓe a Afrilun 2011. A duk waɗannan akwai tsarin da ɗan jarida ya sani: ga inda ake faɗa, ga inda jami'an tsaro suka ja daga, ga kuma 'yan kallo can gefe sun yi cirko-cirko. Wurin 'yan kallon ake zuwa a tambaya. Kuma Kano gari ne da in aka hango kyamara ake taruwa, kowa na so a ɗauki muryarsa, har yara su riƙa leƙowa ta bayan mai magana suna ɗaga hannu. Kyamara garkuwa ce a wancan zamani. Ranar 20 ga Janairu wannan tsari ya rushe, domin babu layin daga, babu mai iya bambance ɗan kallo da mai bindiga, kaki ma ya daina nuna wane ne wane.

Akwai kuma yanayin aikin mutumin da ke ɗaukar hoto shi kaɗai. Hannu ɗaya na riƙe da kyamara, ɗaya na miƙa makirufo ko yana daidaita haske, ido na kan ɗan allon da ke nuna abin da ake ɗauka, kunne na sauraren ko murya na shiga. Duk abin da ke wajen wannan ɗan allo, ba ya ganinsa. Manyan kafafen duniya kan tura mutum biyu ko uku wurin tashin hankali, domin a samu mai duba baya da gefe, mai cewa a bar nan. Wakilin jiha a Najeriya yawanci shi ne direban kansa, shi ne mai ɗauka, shi ne mai tacewa a kwamfuta, sannan ya zauna yana fama da intanet ɗin wancan lokaci kafin hoto ya isa Legas a kan lokacin labarai.

Alamu sun riga sun bayyana, sai dai daga nesa ake jiyo su. Wata uku kafin nan, ranar 22 ga Oktoban 2011, an harbe Zakariya Isa, ma'aikacin NTA a Maiduguri, kusa da gidansa, kuma Boko Haram ta ce ita ta kashe shi, tana zarginsa da kai wa jami'an tsaro bayanai. A shekarar ce aka kai hari hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja cikin watan Yuni, da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta, da cocin Madalla ranar Kirsimeti. Amma da Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙarshen Disamba, ƙananan hukumomin Borno da Yobe da Filato da Neja ya lissafa. Babu Kano a ciki, kuma Kanawa da yawa sun ɗauki abin a matsayin matsalar Maiduguri.

Daren Juma'ar gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta sa dokar hana fita ta awa 24. Duk wanda ya kwana a Kano ya san yadda waya ta zama komai a daren. Kana ina? Ka isa gida? Ka ji ɗuriyar wane? Layi ya cushe, a kira sau goma kafin a samu. 'Yan jarida sun fi kowa wannan kiraye-kiraye, domin su ne masu lambar kowa, kuma a irin wannan dare suna ƙirga junansu ne. Da gari ya waye aka cika a asibitin Murtala, inda ɗakin ajiye gawa ya kasa ɗauka, har aka jera mutane a ƙasa, 'yan uwa na bi suna buɗe fuska ɗaya bayan ɗaya.

Kakakin Boko Haram, wanda ake kira Abul Qaqa, ya ce sun kai harin ne saboda an ƙi sakin mutanensu da ake tsare da su. Jonathan ya zo Kano ranar Lahadi, ya je fadar Sarki Ado Bayero ya yi jaje. Ranar 25 ga wata aka sauke Sufeto Janar Hafiz Ringim, aka naɗa M. D. Abubakar. Rundunar 'yan sandan Kano, wadda Ibrahim Idris ke jagoranta a lokacin, ta ce ta gano motoci 10 ɗauke da abubuwan fashewa da ba su tashi ba, da gwangwanayen lemo kusan 300 da aka ɗura wa bam. Ta kuma ba da adadin mamata: 185. 'Yan sanda 29, jami'an farin kaya 3, na shige da fice 2, na kwastan 1, sai farar hula 150.

Wannan lissafi abin a tsaya a duba ne. Masu kaki an ware su hukuma-hukuma, kowa da gidan da zai neme shi. Sauran 150 an tara su a kalma ɗaya, kuma a cikinsu akwai ɗan acaɓar da ya sauke fasinja a bakin caji ofis, da mai shayi, da wanda ya je karɓar fasfo don Umara, da ɗan makarantar da ke kan hanyar gida. A cikinsu duka, sunan Akogwu ne ya fi yin nisa: kwamitin kare 'yan jarida na CPJ da ke Amurka ya shigar da shi kundinsa, shugabar UNESCO ta lokacin, Irina Bokova, ta fitar da sanarwar Allah wadai. Ba don ransa ya fi na mai shayi ba. Dalili shi ne shi yana da abokan aiki masu makirufo da alƙalami. Kuma abin da ya kai shi Farm Centre shi ne neman ya ba irin waɗancan mutane 150 damar magana.

Abota tsakanin wakilan kafafen yaɗa labarai a babban birnin jiha wata iri ce da na waje ba ya ganewa. A takarda kishiyoyi ne, kowa na so gidansa ya riga fitar da labari. A zahiri kuwa mota ɗaya suke cusuwa a bayan ayarin gwamna, benci ɗaya suke zama suna jiran kwamishinan da ya ce ƙarfe goma ya iso ƙarfe ɗaya, kwano ɗaya suke sa hannu. Wanda batirinsa ya mutu ya ari na wani. Wanda ya makara ya roƙi a tura masa muryar da aka ɗauka. Baƙo daga Binuwai ko Ekiti yana buƙatar Bakano ya fassara masa abin da dattijo ya faɗa, Bakano kuma na buƙatarsa in labari ya shiga Sabon Gari. Sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ma a Farm Centre take, wato a unguwar da suka fi sani, inda suke haɗuwa kusan kullum, a nan aka kashe ɗaya daga cikinsu. Su ne kuma suka zauna suka rubuta labarin mutuwarsa, da shekarunsa da sunan gidan da yake wa aiki, kamar yadda suke rubuta na kowa.

Kanon da ya bari ba ta sake zama yadda ya san ta ba. Cikin 'yan makonni buhunan yashi da ganguna suka tsaya a gaban kowane caji ofis, aka toshe titunan da suka bi ta gaban ofisoshin tsaro, tafiyar minti goma ta koma awa guda. A shingen sojoji da dare direba ya kashe fitilar gaba ya kunna ta ciki. Mai babur ya sauka tun daga nesa ya tura, fasinjansa na biye da shi a ƙasa. Tsoho da furfurarsa, malami da ɗalibinsa, duk haka suka riƙa wucewa, ba mai cewa uffan. Sunan Boko Haram ma sai ya ɓace daga bakin mutane, a majalisa sai dai a ce "mutanen nan", a waiga hagu da dama. Motocin kudu suka riƙa cika a Sabon Gari da iyalan da wasunsu a Kano aka haifi kakanninsu.

Hare-haren suka ci gaba. Ranar 29 ga Afrilun 2012 aka buɗe wa Kiristoci masu ibada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da farfesoshi cikin mamatan. Da ƙaramar Sallah ta zo aka soke hawa, fada ta ce saboda rashin lafiyar Sarki. Sai ranar 19 ga Janairun 2013, saura kwana ɗaya harin farko ya cika shekara, 'yan bindiga suka tare ayarin Ado Bayero kansa yana dawowa daga saukar karatu a masallacin Murtala. Direbansa da dogarai suka mutu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni. Bakano na iya jure abubuwa da yawa, amma harbin motar San Kano ya gaya masa cewa babu sauran wanda ake jin kunya. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta hana acaɓa, sana'ar da ke ciyar da dubban gidaje. Baburan A Daidaita Sahu, da gwamnatin Ibrahim Shekarau ta kawo domin ɗaukar mata, su suka cike gurbin, har suka zama fuskar birnin. Bayan haka aka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a watan Fabrairu, aka tayar da bam a tashar New Road ranar 18 ga Maris. Mafi muni bayan na farko shi ne na babban masallacin Juma'a na ƙofar fada, ranar 28 ga Nuwambar 2014, inda sama da mutum 100 suka rasu ana cikin sallah.

Aikin jarida ma ya sauya kama. Ranar 26 ga Afrilun 2012 aka kai wa jaridar ThisDay hari a Abuja da Kaduna, bayan 'yan kwanaki Boko Haram ta fitar da bidiyo tana ambaton kafafen da ta sa wa ido, har da sashen Hausa na Muryar Amurka. Daga nan labarai suka cika da "wasu 'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba", alhali mai karantawa da mai saurare duk sun sani. Wasu suka daina sa sunansu a kan rahoto. Wasu suka cire tambarin gidansu daga jikin mota, wanda a da da shi ake taƙama a shinge. Doka ta farko da kowa ya koya ba tare da an kai shi kwas ba ita ce kada a yi gaggawar isa wurin da bam ya tashi, saboda na biyu na iya jiran masu taruwa. Aka koma kiran waya: a nemi mai shago a unguwar, a nemi ma'aikacin asibiti, a jira kakakin rundunar tsaro. Rayuka sun tsira ta haka, sai dai labari ya yi asara, domin kakaki abin da aka ba shi yake faɗa, kuma adadinsa sau da yawa ba ya kai na ɗakin gawa. Matsin kuma ba daga ɓangare ɗaya yake ba. A watan Yunin 2014 sojoji sun riƙa tare motocin raba jaridu suna ƙwace kwafe, a ranar 6 ga Janairun 2019 kuma suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda wani rahoto kan yaƙin.

Farm Centre ɗin ma ba ta tsira ba. Ranar 18 ga Nuwambar 2015 'yan mata biyu suka tayar da bam a kasuwar waya ta wurin, mutum aƙalla 15 suka mutu. Kasuwar ta farfaɗo, ta ma fi da cika, kuma wayoyin da ake sayarwa a cikinta su ne suka kawo sauyi mafi girma a harkar labarai tun bayan Akogwu. A 2012 mai BlackBerry abin kallo ne. Yau kusan kowane saurayi na da kyamara a aljihu, kuma da an ji ƙara ko an hango hayaƙi, ɗaruruwa ne ke rugawa suna ɗauka kai tsaye a Facebook da TikTok. Darasin da ƙwararru suka saya da ran abokinsu bai kai ga waɗannan ba, babu kuma editan da zai kira su ya ce su ja da baya.

Sannu a hankali hare-hare suka yi sauƙi a birnin. Aka kwashe yawancin shingayen, aka buɗe tituna, gadojin sama da na ƙasa suka sauya fasalin Ƙofar Nassarawa da sauran mahaɗu, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita har mai saurare ya rasa wanda zai kama. Yaron da ke aji ɗaya a firamare a 2012 yanzu ya isa jefa ƙuri'a. Bai taɓa hawa acaɓa daga Bata zuwa Kabuga ba, kuma in aka ba shi labarin tura babur a gaban soja sai ya yi dariya. Ba laifinsa ba ne, alheri ne ma ya taso bai san wannan tsoro ba. Ɗakunan labarai kuwa sun cika da matasan da da yawansu ba su taɓa jin sunan Akogwu ba, wannan kuma laifin manyansu ne.

Abin da bai motsa ba shi ne halin ɗan rahoton da ake turawa fili. Ranar 22 ga Yulin 2019 harsashi ya sami Precious Owolabi, matashi mai yi wa ƙasa hidima a gidan Channels ɗin dai, yana ɗaukar rahoton arangamar 'yan sanda da 'yan Shi'a a Abuja, ya rasu. A 2013 ne Najeriya ta fara shiga jerin CPJ na ƙasashen da ake kashe 'yan jarida ba a hukunta kowa. A gidajen rediyo da jaridu da dama a Arewa har gobe ana ɗaukar matashi a ba shi katin shaida, a ce ya je ya nemo, albashi sai an ga dama. Rigar sulke da hular kwano sai a hoton wakilan ƙasashen waje. Inshorar rai kuwa, in aka tayar da maganarta a taron ƙungiya, sai a tafa, a tashi.

Masu sauraren RFI Hausa sun san wata hanyar tuna abokin aiki. Ranar 2 ga Nuwambar 2013 aka sace Ghislaine Dupont da Claude Verlon, 'yar rahoto da injiniyan sauti na gidan, a Kidal da ke arewacin Mali, aka kashe su a bayan gari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar ta zama ranar yaƙi da rashin hukunta masu kashe 'yan jarida. Gidan rediyon kuma ya kafa tallafin karatu da sunansu, wanda tun 2014 ake ba matashin ɗan jarida da matashin injiniyan sauti daga Afirka kowace shekara, aka fara daga Bamako. Duk wanda ya ci sai ya san su wane ne Dupont da Verlon, ya san inda suka mutu da abin da ya kai su. Ba kuɗi ne mai yawa ba in aka kwatanta da abin da ake kashewa a liyafar karrama 'yan siyasa da ƙungiyoyin 'yan jarida ke shiryawa a otal-otal.

Kano na da sassan koyar da aikin jarida a Jami'ar Bayero da kwalejojinta, tana da masu gidajen rediyo masu hali, tana da reshen NUJ mai ƙarfi. Su ware ranar 20 ga Janairu su tara sababbin 'yan rahoto a sakatariyar Farm Centre, waɗanda suka yi aiki tare da Enenche Akogwu su tsaya su ba su labarin ranar, a koya musu yadda ake tunkarar wurin da aka kai hari da yadda ake tsayar da jini kafin a isa asibiti. Mai gidan da zai tura yaro fili kuma, ya fara biya masa inshora kafin ya miƙa masa makirufo.